Muhawara: Yadda ake faɗin "wane ya fi wane" a Turanci, a baki da kuma a takarda

Ɗalibin_Gumel: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina shirin wata jarrabawar Turanci, kuma a makon jiya na kai wa malamin da yake duba mini rubutu wani insha'i da na yi a kan ni da ƙanena. A ciki na rubuta "He is taller than me", sai ya sa jan biro ya soke, ya mayar da ita "than I". Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kusan duk Baturen da nake ji a rediyo ko a fim "than me" yake cewa, ban taɓa jin wani ya tsayar da shi ya ce ya yi kuskure ba. A takardar dai ya soke mini "less people" da "more better". Na ƙarshen na yarda laifina ne, amma sauran biyun har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Shin masu harshen ne suke kuskure a harshensu, ko kuwa ƙa'idar kwatanta fifiko a baki dabam take da ta rubutu?

Malam_Nahawu: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga "me" da "I", ina ganin ya kamata mu fara duba inda tushen wahalar yake a wurinmu. Bahaushe da aikatau yake kwatanta abu biyu: "Audu ya fi Musa tsawo." Kalmar "tsawo" suna ce, ba ta canza kama, nauyin kwatancen duka yana kan "fi". Idan daidaito ake nufi sai mu ɗauko "kai", mu ce "Audu ya kai Musa tsawo" ko "bai kai shi ba", idan kuma fifikon kaɗan ne sai mu ce "ya ɗara shi". Shi kuwa Bature sifar kanta yake taɓawa. Idan gaɓarta ɗaya ce yakan liƙa mata ɗafa-ƙeya, "tall" ta zama "taller" da "tallest". Idan gaɓoɓinta uku ne ko fiye, sai ya bar ta yadda take ya sa "more" ko "most" a gabanta, kamar "more expensive". Akwai kuma 'yan tsirarun da suke canza jiki gaba ɗaya, irin su "good, better, best" da "bad, worse, worst". Ɗalibinmu yakan ɗauki "more" a matsayin fassarar "fi", saboda haka duk inda ya ji "fi" a ransa sai ya ajiye "more", ko da kalmar da ke biye ta riga ta ɗauki fifikon a cikinta. Daga nan "more better" take fitowa.

Hajiya_Mai_Alli: Ɗana na Gumel, shekara 31 na yi ina koyar da Turanci a sakandare kafin na yi ritaya, kuma ina so ka sassauta wa malaminka. Hujjar masu cewa "than I" ita ce jimlar gutsure take, cikakkiyarta "He is taller than I am", to idan aka yar da "am" abin da ya rage shi ne "I". Haka aka koya mana, haka muka koyar, kuma mai duba takardar jarrabawa da wannan idon zai iya dubanta. Shawarar da na saba ba ɗalibaina ita ce su cika jimlar, su rubuta "than I am" ko "than she does". Wannan sigar ba ta da mai kushe ta, ba a aji ba, ba a ofis ba, ba kuma a hira ba.

BaZazzagi_a_Leeds: Ina gaishe ki, Hajiya. Shawararki ta "than I am" ita ce nake bi a wasiƙun wurin aiki. Amma game da tambayar ɗan'uwanmu, ina zaune a arewacin Ingila shekaru masu yawa, kuma idan mutum ya ce "He is taller than I" ya yi shiru a nan, za a fahimce shi, sai dai za a ji kamar ya sa babbar riga da rawani ya je ɗiban ruwa. Likita da lauya da direban bas duk "than me" suke cewa a hira. Ba jahilci ne ya sa su haka ba, haka harshen yake a bakinsu tun suna yara. Haka nan a hira za ka ji "way better" da "a lot cheaper" da "miles better", amma da zarar mutumin ya zauna rubuta rahoto sai su koma "considerably better" da "substantially cheaper". Mutum ɗaya ne, ya san inda kowace take shiga.

Abu_Safiyya: Ni dai a ganina abin da littafin nahawu ya ce shi ne daidai. Yawan masu yin kuskure ba ya mayar da kuskure daidai.

Bakatsinen_Laburare: Malam Abu Safiyya, sai dai a tambaya, wane littafin nahawu, domin su kansu marubutan ba su haɗu a kan magana ɗaya ba tun farko. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya fitar da ɗan littafinsa na nahawun Turanci a 1762, kuma shi ya ɗauki "than" a matsayin mahaɗin jimloli biyu, wato ra'ayin da Hajiya ta bayyana. Joseph Priestley kuma, wanda aka fi sani da bincikensa a kan iskar oksijin, shi ma ya rubuta nahawu a 1761, kuma ya karkata ga cewa "than" tana aiki irin na "to" da "with", waɗanda "me" da "him" suke bi. Ra'ayin Lowth ne ya shiga makarantu, daga can ya biyo Turawan mulki ya iso azuzuwanmu. Abin lura shi ne, ko masu tsananin bin Lowth "than whom" suke rubutawa, ba "than who" ba, wanda yake nuna cewa ƙa'idar tasu tana da ɓaraka tun daga gida.

Batun "less people" ma kusan haka yake. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce "fewer" ga abin da ake ƙirgawa, "less" ga abin da ake aunawa, kamar "fewer bottles" da "less water". Amma an bi sawun wannan ƙa'ida zuwa ga wani marubuci mai suna Robert Baker a 1770, wanda ya faɗe ta a matsayin abin da ya fi yi masa daɗin ji, alhali ana amfani da "less" ga abin ƙirgawa tun zamanin Sarki Alfred a ƙarni na 9. Da tafiya ta yi tafiya sai zaɓin mutum ɗaya ya zama doka.

Hajiya_Mai_Alli: Na gode da wannan tarihi, Malam na Katsina, kuma ban musa ba. Sai dai ko wa ya kafa dokar, yau ta zauna. Editan jarida da mai duba kundin digiri suna aiki da ita, kuma ɗalibin da ya rubuta "less students" ba zai sami damar tsayawa ya yi wa mai dubawa bayanin Sarki Alfred ba.

BaZazzagi_a_Leeds: Gaskiyar Hajiya ce, kuma a nan ma ana ɗaukar maganar da zafi. A da kantin Tesco yana da layin biyan kuɗi na masu kaya kaɗan da aka rubuta wa "10 items or less", masu kishin nahawu suka yi ta ƙorafi, har a 2008 kamfanin ya fara sauya rubutun zuwa "Up to 10 items". Ba su koma "fewer" ba, sun kauce wa rigimar ne gaba ɗaya, kamar dai dabarar Hajiya ta "than I am". Amma a lura, ko masu tsanani suna barin "less" idan ana maganar kuɗi ko lokaci ko nisa: "less than 20 minutes", "less than 5 miles", domin ana kallon abin a dunƙule ne, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum daga Damagaram. Mu da muka fara da Faransanci tuntuɓenmu ya ɗan bambanta da naku. A Faransanci kusan kowace sifa "plus" ake sa mata a gaba, gajera ce ko doguwa, saboda haka da muka zo koyon Turanci sai muka riƙa cewa "more big" da "more tall", ɗafa-ƙeyar nan ta "-er" ita ce baƙuwa a wurinmu. Abin da ya ba ni dariya da na karanta bayanin Malam Nahawu shi ne, Faransanci ma yana da tasa "more better", wato "plus meilleur", kuma malamai suna soke ta da irin jan biron da aka soke ta Gumel. Wani abokina da ya yi karatu a Jamus ya nuna mini cewa su akasin haka suke yi, ko doguwar kalma ce "-er" suke liƙa mata. Turanci ne ya riƙe hanyoyin biyu a lokaci guda, shi ya sa yake wahalar da kowa.

Almajirin_Zaure: Allah ya gafarta malamai, ku ba ni dama in kawo Larabci, domin yana haska maganar Malam Nahawu. A Larabci akwai ismut tafdili, wato sunan da yake nuna fifiko, a ma'aunin "af'alu", kamar "akbaru" da "ahsanu", wanda ya yi kama da "-er" ta Turanci tunda kalmar ce take canzawa. Amma idan kalma ba ta cika sharuɗɗan hawa wannan ma'auni ba, sai a kawo "ashaddu" ko "aksaru" a biyo da suna a matsayin tamyizi, wato mai fayyacewa. Wannan siga ta biyu kusan ita ce tamu ta "ya fi shi ƙoƙari", inda sunan da ya zo a ƙarshe yake fayyace ta wace fuska aka yi fifikon. Na lura ɗaliban da suka yi nahawun Larabci a zaure sukan kama bambancin "taller" da "more expensive" da wuri idan aka bi da su ta wannan ƙofa.

'Yar_Ƙididdiga: Ina so in mayar da mu kan rubutun hukuma, domin a aikina na rubuta rahotanni na ga inda kwatancen Turanci yake jawo asara ta gaske, kuma ba a "me" da "I" ba ne. Na farko shi ne ninki. Idan bara an sayar da buhu 20, bana 60, sigar da ba ta da shubuha ita ce "three times as many". Mutane da yawa suna rubuta "three times more", to wani mai karatu zai fahimci 60, wani kuma zai ce ai ƙari ne na ninki uku a kan 20 ɗin farko, wato 80. A hira ba wanda zai damu, amma a takardar kwangila wannan rigima ce. Na biyu shi ne kaso. Idan abu ya tashi daga kashi 10 cikin 100 zuwa kashi 15, to ya ƙaru da "5 percentage points", amma a lissafin "per cent" ƙaruwar kashi 50 ce, tunda 5 rabin 10 ce. Na taɓa ganin rahoton da aka dawo da shi daga sama saboda wannan kaɗai.

Na uku, kuma shi ne na fi gani a rubutun 'yan'uwanmu, shi ne kwatanta abin da ba jinsi ɗaya ba. Mutum zai rubuta "The climate of Jos is cooler than Sokoto", ya kwatanta yanayi da gari. Rubutu na tsanaki yana buƙatar "than that of Sokoto". Abin mamaki, a Hausa ba ma yin wannan kuskuren, domin kowa zai ce yanayin Jos ya fi na Sakkwato sanyi. Wannan "na" ɗin ita ce "that of", sai dai idan mun shiga Turanci mukan manta da ita a bakin ƙofa. Sai kuma kalmar "significantly", wadda a jarida ma'anarta "sosai", amma a rahoton bincike tana nufin an yi gwajin ƙididdiga an ga bambancin ba na dace ba ne. Wanda bai yi gwajin ba ya nemi wata kalmar.

Ɗalibin_Gumel: Anti 'Yar Ƙididdiga, wannan ya zo mini a kan gaɓa, domin jarrabawar da nake shiri IELTS ce, kuma aikin farko na ɓangaren rubutu shi ne a ba ka jadawali ko zane ka bayyana shi da kalmomi aƙalla 150, kusan dukansa kwatance ne. Na rubuta "that of" a bangon littafina.

Sabon_Gari_Boy: Akwai abin da ba a ambata ba. Yawancinmu kafin mu iya Turancin aji mun riga mun ji Turancin buroka a kasuwa da tasha, kuma shi da "pass" yake kwatance: "E big pass am." Wannan ginin daidai yake da "ya fi shi girma", aikatau ne yake ɗauke da fifikon. Saboda haka yaro yana da hanyoyi biyu da suka yi kama da juna a kansa, sannan a kawo masa ta uku da ba ta kama da ko ɗaya. Wani abin da nake yawan ji a ofisoshinmu shi ne "He is senior than me" da "I prefer tea than coffee". Ina jin su ma ba daidai ba ne, amma ban san dalili ba.

Malam_Nahawu: Dalilin shi ne "senior" da "junior" da "superior" da "inferior" daga Latin aka aro su, kuma a can sun riga sun ɗauki ma'anar fifiko. Da suka shigo Turanci sai suka zauna da "to", ba "than" ba: "senior to me", "superior to that one". Haka "prefer" take tafiya da "to" idan sunaye biyu ake kwatantawa. Irin wannan ne nake so Malam Abu Safiyya da BaZazzagi su duba tare, domin kurakuran ba ajinsu ɗaya ba. "Senior than" da "very better" ba a karɓarsu a daidaitaccen Turanci ko a baki ko a rubuce, "much better" ake cewa. "Than me" kuwa karɓaɓɓiya ce a baki ko'ina, kuma tana shiga rubutu mai yawa. Idan muka zuba su a kwando ɗaya muka kira su duka kuskure, ɗalibi ba zai san wanda zai guda da gaske ba.

Bakatsinen_Laburare: Ko "more better" ɗin da kowa ya yarda a soke tana da tsohon gata. Shakespeare ya sa wa Mark Antony "the most unkindest cut of all" a baki a wasan Julius Caesar, wajen 1599, fifiko a kan fifiko domin ƙarfafawa. Marubutan nahawu na ƙarni na 18, ciki har da Lowth, su suka kore wannan salo daga rubutu. Haka nan ana koya mana cewa "perfect" da "unique" ba sa karɓar "more", tunda abu ko dai ya cika ko bai cika ba, amma gabatarwar tsarin mulkin Amurka na 1787 tana ɗauke da "a more perfect Union".

Hajiya_Mai_Alli: Malam na Katsina, kada ka sa yaran nan su je ɗakin jarrabawa da Shakespeare a aljihu. Shi ya rubuta nasa shekara fiye da 400 da suka wuce, kuma ba WAEC ce ta duba masa ba.

Abu_Safiyya: Na karanta bayanin Malam Nahawu kuma na karɓi rabe-raben da ya yi. Amma har yanzu ina da hujja ɗaya a kan "than me". Idan aka ce "She respects him more than me", ba a san ko ta fi girmama shi a kan yadda take girmama ni ba, ko kuwa ta fi ni girmama shi. Mai bin ƙa'idar Lowth ba ya faɗawa wannan rami, domin "than I" tana nufin abu ɗaya, "than me" tana nufin ɗayan.

BaZazzagi_a_Leeds: Hujja ce mai kyau, Malam, sai dai tana aiki ne kawai idan mai karatu ma yana bin ƙa'idar, kuma yawanci ba sa bi. Sannan da zarar an sa suna a wurin wakilin suna, a ce "more than Musa", shubuhar ta dawo, tunda suna ba ya canza kama. Abin da yake warware ta shi ne cika jimlar: "more than I do" ko "more than she respects me". Wani abin da ya taɓa ruɗa ni a nan shi ne kalmomin da suke auna ƙarfin sifa. Na kai wani aiki aka ce mini "quite good", na koma gida ina murna, sai daga baya wani abokin aiki ya fahimtar da ni cewa a bakin Baturen Ingila wannan sau da yawa yana nufin ba laifi, da dama-dama. A bakin Ba'amurke kuwa ya fi kusa da yabo na gaske. Amma idan aka ce "quite right" ko "quite impossible", to a nan ma'anarta ɗungurungum. Akwai kuma "not the best", wadda a zahiri take cewa abin bai kai na ɗaya ba, alhali mai maganar yana nufin abin bai yi ba sam.

Maman_Ilham: Ina bin muhawarar tun farko ban sa baki ba. Tambayata a kan sifofi masu gaɓa biyu ce, domin Malam Nahawu ya yi maganar gaɓa ɗaya da gaɓa uku ya tsallake tsakiya. 'Yata ta rubuta "politer" aka soke, wata ƙawarta a wata makarantar ta rubuta "more polite" aka ba ta maki. Wanne ne daidai?

Malam_Nahawu: Da gangan na tsallake, Maman Ilham, domin nan ne ƙasa ba ta da tauri. Waɗanda suka ƙare da "-y" sukan ɗauki ɗafa-ƙeya, "happy" ta zama "happier", "easy" ta zama "easier". Waɗanda suka ƙare da "-ful" ko "-ous" ko "-ing" ko "-ed" sai da "more": "more careful", "more famous", "more boring". Tsakanin waɗannan akwai rukunin da yake karɓar duka biyun, irin su "polite" da "clever" da "common" da "narrow" da "simple". Saboda haka "politer" tana cikin ƙamus, ba a yi wa 'yarki adalci ba, ko da yake "more polite" ta fi yawa a yau. Har masu gaɓa ɗaya ma akwai masu bijirewa, ba a cewa "righter" ko "wronger" a rubutu na tsanaki. Ita kuwa "fun" har yanzu ana ja a kanta: kamfanin Apple ya tallata wata na'urarsa ta iPod a 2008 da kalmar "funnest", mutane suka yi ta ce-ce-ku-ce, amma a takardar makaranta "most fun" ce mai tsira.

Ɗalibin_Gumel: Na gode wa kowa. Na koma wurin malamina da "than I am" ya karɓa, na kuma karanta masa abin da Malam na Katsina ya rubuta a kan Lowth da Priestley, ya yi murmushi ya ce shi dai ba zai daina soke "than me" a insha'i ba. A sabon rubutun da na kai masa kuma ya ja layi a ƙarƙashin "the best of the two", ya ce idan abu biyu ne "the better of the two" ake cewa. Shin wannan tana ajin "senior than" ne, ko tana ajin "than me"?

Hajiya_Mai_Alli: A takarda ka bi malaminka, ɗana, "better" ga biyu, "best" ga uku zuwa sama.

BaZazzagi_a_Leeds: A takarda na yarda, Hajiya. Amma a nan ko mutum biyu ne kacal za su kara a dambe, "may the best man win" ake cewa, kuma ban taɓa jin alƙalin wasa ya gyara ba.